Littafin ɓeraye aka ba mu a jami'a: karatu ne ko wasan yara?

TAMBAYA

Assalamu alaikum Malam. Ina shekarar farko a wata jami'a a Amurka, ina karanta ilmin jinya. A nan dole ne kowa ya ɗauki kwas ɗaya na adabi ko da ba fanninsa ba ne. Wannan zangon malamarmu ta ba mu wani littafi mai suna Maus, na Art Spiegelman, ta ce mu karanta mu rubuta jinga shafi biyar. Da na buɗe sai na ga zane ne tun daga bango har bango, ɓeraye da kyanwoyi suna magana, kamar katun ɗin da ƙannena ke kallo a gida. Malam, raina ya ɓaci. Fili Babana ya sayar kafin ya haɗa kuɗin makarantar nan. In ya tambaye ni me muke karantawa, me zan ce masa? Na gama littafin a dare ɗaya. Na gane labarin kisan da aka yi wa Yahudawa ne a zamanin Hitler, amma ban ga abin da zan cika shafi biyar da shi ba. Wata ƙawata ta ce kada in wahalar da kaina, in ɗauko taƙaitaccen bayaninsa a intanet in gyaggyara. 'Yan ajinmu kuwa sai yabon littafin suke yi, wata har da kuka. Ni ce ban gane ba, ko su ne ke ruɗin kansu?

Daga wata ɗaliba a Amurka

AMSA

Wa alaikumus salam, 'yata. Allah ya saka wa mahaifinki da alheri, ya sa ki fito da abin da zai mantar da shi filin nan. Ki kwantar da hankalinki, kuɗinsa ba su faɗa rijiya ba. Sai dai akwai magana ɗaya a wasiƙarki da ta fi batun kuɗin damuna, ita ce cewa kin gama littafin a dare ɗaya. Ba ki gama ba. Kin karanta abin da aka rubuta cikin balan-balan ɗin da ke saman kawunan ɓerayen, kin bi labari har ƙarshe, kin rufe. Rabin littafin ke nan, kuma ɗaya rabin ne malamarki ke jiran ta ga ko kin gani.

Bari mu sallami Baba tukuna, don nasa mai sauƙi ne. Ki ce masa kuna karanta shaidar wani dattijo, Vladek Spiegelman, Bayahuden Poland da aka kai Auschwitz, sansanin kisa na 'yan Nazi, wato mutanen Hitler, a 1944 kuma ya fito da ransa. Ɗansa Art, marubucin littafin, ya zauna da shi da rikoda yana naɗar maganarsa, sannan ya shafe shekara 13, daga 1978 zuwa 1991, yana zana abin da ya ji. Littafin ya samu lambar yabo ta musamman ta Pulitzer a 1992. Da kashi na biyu na littafin ya fito a 1991, jaridar New York Times ta sa shi a jerin ƙagaggun labarai, sai marubucin ya aika musu wasiƙa ya ce su cire shi daga nan, domin abin da mahaifinsa ya gani ba ƙage ba ne. Suka mayar da shi jerin labaran gaskiya. Wannan ya ishi Baba.

Yanzu ni da ke. Babu zangon karatun da zai wuce ban haɗu da wannan cutar ba, kuma ta fi kama ɗalibai masu ƙoƙari, waɗanda suka saba da manyan littattafai masu ƙananan rubutu. Cutar ita ce ɗaukar zane a matsayin ado. Wai rubutu shi ne tuwon, zane kuwa ɗan man shanun da aka ɗiga a kai, in an samu to, in ba a samu ba ma za a ƙoshi. Tun firamare aka koya mana haka: hoto na yaro ne don kada ya gaji, in ya girma sai a janye masa. To a irin wannan littafin, akwai abin da marubuci ya hana bakin mutanensa faɗa, ya ajiye shi a zane kaɗai. Wanda ya bi rubutu ya tsallake zane zai wuce ta kansa bai ma san ya wuce ba.

Ɗauko littafin, kada ki yarda da ni a baki. A babin farko Vladek ya hau keken motsa jiki yana shirin fara labari. Dubi hannunsa da ya miƙe ya riƙe kan keken. Akwai lamba a fatarsa, 175113. Ba wanda ya yi maganarta a wurin, ba ɗan ba, ba uban ba. Tana nan kawai a gabanki tun kafin a ambaci Auschwitz, kuma mutumin yana ta tuƙa keken da ba ya zuwa ko'ina. Kin gan ta a daren nan?

Wuce gaba, inda shi da matarsa Anja suka fito daga maɓoya suna tafiya wajen garin Sosnowiec a Poland. Rubutun cewa kawai ya yi ba su san inda za su nufa ba. Yanzu ɗaga littafin nesa da fuskarki kaɗan ki dubi hanyar da suke kai. Hanyar da kanta tambarin Nazi ce, ta rabu gida huɗu, kowace kwana suka bi cikinsa suke. Da baki aka faɗi wannan da sai an yi sakin layi guda, kuma da ya zama wa'azi. A zane kuwa sai ki tsinci kanki kina neman musu mafita da ido, ki rasa.

A kashi na biyu akwai inda suke cikin mota a Amurka, shekaru da yawa bayan yaƙi, za su kanti. Vladek yana ba da labarin 'yan mata huɗu da aka rataye a sansanin saboda sun sato albarushin da aka fasa ɗaya daga cikin wuraren ƙona gawawwaki da shi. Dubi saman akwatin zanen. Ƙafafuwansu na reto daga itatuwan da ke bakin titin da motar ke bi. Babu jimlar da ta ce tsohon nan har yanzu a sansanin yake zaune. Ƙafafuwan nan ne suka faɗa.

Wanda na fi son in tsaya a kansa da ɗalibaina shi ne na makaɗa. Art ya gaya wa mahaifinsa ya karanta cewa akwai ƙungiyar makaɗa da ke kiɗa a bakin ƙofar sansanin lokacin da ake fita da fursunoni aiki. Vladek ya ce shi bai tuna wani kiɗa ba, tafiya kawai ya tuna. To ga ɗa a tsaka mai wuya. Tarihi ya tabbatar da makaɗan, uba kuma shi ne ya je wurin da ƙafarsa. Wa zai ƙaryata? Sai ya zana akwati ɗaya da makaɗan a fili, sannan ya zana na biyu inda jerin fursunoni suka rufe su, amma in kin lura kan kayan kiɗan na leƙowa ta saman kawunansu. Bai ƙaryata tsohonsa ba, bai kuma share abin da ya karanta ba. Ya bar miki gardamar a shafi. Wannan rabin shafin kaɗai zai ba ki shafi biyar ɗin da kike nema, a kan bambancin abin da mai shaida ya tuna da abin da takardu suka rubuta. Ke da za ki zama ma'aikaciyar jinya, kullum za ki riƙa tsayawa tsakanin abin da majiyyaci ya gaya miki da abin da ke cikin katinsa.

Har farin lungun da ke tsakanin akwati da akwati aiki yake yi. Scott McCloud, masanin littattafan zane, ya yi dogon bayani a kansa a littafinsa na 1993: a akwati ɗaya an ɗaga gatari, a na gaba sai ihu kawai, saran kuwa babu wanda ya zana shi, kanki ne ya ƙarasa. Shi ya sa mai gudu a irin wannan karatun yake fitowa babu abin da ya taɓa shi.

Amma ba a nan gizo ke saƙar ba. Da asarar maki ce kawai da ban tsawaita ba. Haɗarin yana wajen dabbobin nan.

Na duba jinga ba adadi da ke cewa: an zana Yahudawa ɓeraye saboda raunana ne, Jamusawa kyanwoyi saboda mugaye ne, mutanen Poland aladu saboda ƙazamai ne, Amurkawa karnuka saboda su ne suka kori kyanwa. Ɗalibi ya rubuta haka, ya sa aya, yana jiran yabo. Bai san ra'ayin Hitler ya kwafo ya sa hannu a ƙasa ba. Ai littafin da maganar Hitler ya buɗe, inda yake cewa Yahudawa jinsi ne amma ba mutane ba ne. Spiegelman bai ƙirƙiro ɓeran ba, a hannun 'yan Nazi ya karɓe shi. A 1940 sun fitar da fim na farfaganda da ke nuna tururuwar ɓeraye suna fitowa daga magudanar ruwa, sannan a nuno Yahudawa. Gubar da aka yi amfani da ita a ɗakunan kisa na Auschwitz, Zyklon B, asalinta maganin ƙwari ce. Kafin a kashe mutane da yawa haka sai an fara canza musu suna. Mu a Afirka mun ga irinsa a Ruwanda a 1994, inda aka riƙa kiran Tutsi kyankyasai a rediyo.

Mu Hausawa kuma muna shigowa littafin da wani kaya na daban a kai, gara ki san da shi. Mun tashi da tatsuniya, inda kura kura ce har abada, Gizo ba ya taɓa daina wayo, halin dabba a jininta yake. Ga shi kuma a bakinmu in an ce wa mutum ɓera, ɓarawo ake nufi, wanda ya ga ɓera a ɗakinsa kuwa tarko yake nema. Idan kika karanta Maus da kunnen tatsuniya, za ki fito da cewa kowace al'umma da halinta aka halicce ta, kyanwa ba ta da laifi don ta ci ɓera, haka Allah ya yi ta. Wannan shi ne ainihin abin da littafin ya tashi rushewa, kuma da zane yake rushe shi, shafi bayan shafi.

Duba inda Vladek ke son ya saje da mutanen Poland a titi. Fuskar alade ya ɗaura, ana ganin igiyar da ya ɗaure ta da ita a ƙeya. Kuma ta yi aiki, ba a gane shi ba. To in igiya ce kawai tsakanin ɓera da alade, ina jinsin yake? Anja ma ta ɗaura tata, sai dai ita an zana jelarta tana leƙowa, don Vladek ya ce ita an fi saurin gane ta. Duba inda suke ɓoye a ɗakin ƙasa, Anja ta tsorata da gafiyoyi na gaske masu ƙafa huɗu. Ɓera yana tsoron ɓera? A sansanin akwai wani fursuna da ke ta rantsuwa shi Bajamushe ne, ya yi wa Jamus yaƙi. An zana shi ɓera, a akwati na gaba kuma aka zana shi kyanwa, don ko Vladek bai iya cewa ga abin da yake ba, kuma duk da haka aka kashe shi. Kashi na biyu ma da gardama ya fara, tsakanin Art da matarsa Françoise, Bafaranshiya da ta shiga addinin mijinta: kwaɗo za a zana ta ko ɓera? Daga baya sai ga Art da kansa a teburin zane, mutum sak, da fuskar ɓera ɗaure da igiya, ƙudaje na yawo, gawawwaki jibge a ƙarƙashin teburin, 'yan jarida da 'yan kasuwa sun kewaye shi suna son cin riba da nasarar kashi na farko. Yana ta ƙanƙancewa a kujera har ya koma yaro.

Duk wannan ba ya cikin balan-balan. Wanda ya bi rubutu kaɗai zai ga an raba mutane jinsi-jinsi, ba zai ga igiyar ba.

Ban ce tsarin ba shi da abin suka ba. Mutanen Poland da yawa sun ji haushin aladun, kuma sai a 2001 aka buga fassarar littafin a harshensu, da hayaniya. Ni kaina ina ganin suna da abin faɗa, domin alade zagi ne a kusan ko'ina, ko da yake cikin aladun nan akwai waɗanda suka ɓoye Vladek da Anja suna sane da cewa ransu suka sa a kasada. In kika ga dama ki yi jingarki a kan wannan, ki soki marubucin. Malama ta gari za ta fi son suka mai hujja a kan yabo na haddar aku.

Sai batun ƙawarki. Ki gaishe ta, amma kada ki bi ta. Masu shafukan taƙaita littattafai, da masu bidiyon minti biyar, da manhajojin da ake ba umarni su rubuto jinga, da 'yan kasuwar da ke karɓar dala su rubuta wa ɗalibi, duk abu ɗaya suke sayarwa: wane ya yi kaza, sannan kaza ya faru. A littafin rubutu zalla ma wannan cuta ce. A littafin zane kuwa kamar a ba ki labarin daɗin kilishi ne a waya. Taƙaitawa za ta ce miki sun tafi Sosnowiec, ba za ta nuna miki hanyar ba. Kuma daga irin waɗannan wuraren ne jerin nan na ɓera rauni, kyanwa mugunta yake yaɗuwa, kowa na kwafar na kowa. Mu da ke duba jinga muna gane su tun sakin layi na farko, domin ba sa taɓa ambaton lambar shafi, ba sa taɓa cewa a kusurwar hagu ta ƙasa akwai kaza. Jami'o'in Amurka kuma ba sa wasa da satar rubutu. Ke da takardar zamanki ke rataye da karatunki, kada ki sa filin Baba a caca saboda shafi biyar. Kada ma ki ɓata lokaci neman fim ɗinsa, babu. An sha yi wa marubucin tayi yana ƙi.

Ba ɗalibai kaɗai ke wannan karatun na sama-sama ba, har da masu riƙe da makarantu, kuma nasu ya fi ban haushi don su da hatimi suke yi. A watan Janairun 2022 hukumar makarantun gundumar McMinn a jihar Tennessee ta kaɗa ƙuri'a, mutum goma babu mai ja, ta cire Maus daga manhajar 'yan aji takwas. Dalili? Kalmomin ashar guda takwas da wani ɗan zanen tsiraicin mace. Zanen nan gawar mahaifiyar marubucin ce, wadda ta kashe kanta a 1968. Littafi a kan kisan mutum miliyan shida, aka zauna aka ƙirga ashar. A 2015 kuma kantunan littattafai a Mosko suka janye shi daga kanta saboda akwai tambarin Nazi a bangonsa, wai ana bin dokar hana tallata Nazi. Sun ga tambari, ba su buɗe ba. Abin dariyar shi ne hukuncin Tennessee ya sa littafin ya koma sahun gaba a kasuwa, shekara talatin bayan fitowarsa. Iyaye na da haƙƙin tambayar shekarun da suka dace yaro ya ga irin wannan, ban musa ba. Amma wanda zai yanke hukunci a kan littafi ya fara karanta shi mana.

Akwai wata magana da ba ki yi ba, amma na san za ta iso ki, ko daga gida ko daga wani zauren WhatsApp, don ni ma tana iso ni. Za a ce miki ai kisan nan ƙarya ce aka shirya, ko kuma a ce me ya haɗa ki da tausayin Yahudawa ga abin da ake yi wa Falasɗinawa. Ta farkon ba ta da ƙafa. Jamusawa da kansu suka bar takardun jiragen ƙasa da na sansanoni, kwamandan Auschwitz, Rudolf Höss, ya ba da shaida da bakinsa a kotun Nuremberg a 1946, kuma a wannan sansanin kaɗai an kashe kimanin mutum miliyan 1.1. Mai tura saƙon murya daga kan tabarmarsa ba zai goge wannan ba. Ta biyun kuwa, karanta wahalar Vladek ba ƙuri'a ba ce ga wata gwamnati. Ki je laburare ki nemi Palestine na Joe Sacco, ɗan jaridar da ya yi wata biyu a Gaza da Yammacin Kogin Jordan a ƙarshen 1991 zuwa farkon 1992 ya zana abin da ya gani, wanda Edward Said, shahararren malami Bafalasɗine, ya rubuta wa gabatarwa. Sau da yawa a kwas ɗaya ake koyar da su biyun. Idon da kika koya a ɗaya da shi za ki karanta ɗayan.

Kin tambaya ko 'yan ajinku ruɗin kansu suke yi. A'a. Kuma ina zaton ba gawawwakin ne suka sa waccan kuka ba, tsohon ne. Spiegelman bai mayar da mahaifinsa waliyyi ba. Vladek marowaci ne na ƙin ƙarawa, mai tsince-tsince a titi, mai ƙirga ƙwayoyin maganinsa ɗaya-ɗaya, mai mayar da ragowar abincin kwali kanti a ba shi canji. Ya jefar da rigar sanyin ɗansa a shara ba tare da ya tambaye shi ba. Ya hana matarsa ta biyu, Mala, sakat a kan kuɗi, alhali ita ma daga sansanonin Nazi ta fito. Ranar da Françoise ta tsaya ta rage wa wani baƙar fata hanya, Vladek ya yi ta masifa wai za a sace musu kaya. Ki tsaya a wannan shafin da kyau, ke da kike baƙar fata a Amurka. Mutumin da aka kira ɓera, ga shi yana yi wa wani irin kallon da aka yi masa. Ɗan bai ɓoye ba, bai kuma ba shi uzuri ba.

Ga kuma abin da ya fi ciwo. Anja ta rubuta abin da ya same ta a yaƙin cikin littattafanta na ajiya, Art yana ta nema don ya ji ta bakin uwarsa. A ƙarshen kashi na farko Vladek ya amsa cewa ya ƙona su bayan mutuwarta. Art ya tafi yana kiran ubansa mai kisan kai. Don haka duk abin da kika karanta a kan Anja ta bakin mijinta ya fito, nata bakin an rufe shi. Wa cikinmu ba shi da dattijo a gida da ya ga wani abu, yaƙin basasa ko yunwa ko gudun hijira, wanda ba ya son a tambaye shi, ko kuma ba mu taɓa zama mun tambaya ba har ƙasa ta rufe masa ido? Wannan ne ke kama ɗalibai, kowa da tsohonsa yake gani. Fuskar ɓeran ma ta taimaka, don ɗigo biyu ne da ɗan layi, ba ta kama da kowa, sai ki ga kin ɗora mata fuskar wanda kika sani. Shi ya sa idan hoton Vladek na gaske ya bayyana kusa da ƙarshe, sanye da kayan fursuna da ya ara a wani shagon ɗaukar hoto bayan an 'yanta su, mutum yake jin kamar an watsa masa ruwan sanyi.

Game da jingar, kada ki ba da labarin littafin, malamarki ta san shi. Zaɓi shafi ɗaya, ko biyu in sun yi yawa. Rufe rubutun da yatsa ki kalli zanen kaɗai, ki rubuta duk abin da kika gani: girman akwatunan, wanda ya fi duhu, wanda ba shi da iyaka, abin da ya tsallaka daga wani akwati zuwa wani, inda ido ke fara sauka. Sannan buɗe rubutun ki nemi inda baki ya faɗi wani abu, zane ya faɗi wani. A wannan saɓanin jingarki take. Ki ba littafin mako guda, babi ɗaya ko biyu a zama, shafinsa bai kai 300 ba.

In kin rasa shafin da za ki ɗauka, ɗauki na ƙarshe. Vladek yana kwance, ya kai labari inda ya sake haɗuwa da Anja bayan yaƙi, ya ce daga nan suka zauna cikin farin ciki har abada. Ke kuma kin san abin da ya faru a 1968. Sai ya ce a kashe rikoda, ya gaji, ya juya ya kira Art da sunan Richieu. Richieu shi ne ɗansu na fari, wanda 'yar'uwar Anja ta ba guba tare da kanta da wasu yara biyu don kada a kai su ɗakin kisa, yaron da Art bai taɓa gani ba sai a hoton da ke rataye a ɗakin iyayensa. A ƙasan shafin akwai dutsen kabarin Vladek da Anja, kansa ya kutsa tsakanin akwatuna biyu na ƙarshe. A ƙarƙashin kabarin kuma marubucin ya sa hannu, ya rubuta 1978 zuwa 1991, kamar yadda ake rubuta shekarun mamaci. Ki duba ki gaya min me kika ga ya binne a wurin, ina jiran wasiƙarki ta biyu. Ki gaida Baba in kun yi waya.